Ruwa Kala Nawa Ne a Wurin Mai Asiransi?

Bazara ta yi nisa, iska ta fara juyowa, masu yaɓe sun fara tsada. Da can in an ce asiransi, wato inshora, a Damagaram, ta mota kaɗai ake nufi, ita ma don gudun jandarma a hanyar Matamaye ko ta Tanut. Tun damanar 2024 wasiƙun da ke zo mini suka koma kan gida da ruwa. Na zaɓi huɗu. Ta farko na bar ta yadda mai ita ya rubuto, gaisuwa kawai na rage.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa a Kasuwar Dole. Na gina gidan siminti a wani sabon fegi da na saya a gefen gari. Da bashin banki na ƙarasa ginin, su ne kuma suka sa na yi wa gidan asiransi, duk shekara ina biya ban taɓa fashi ba. A damanar 2024 aka kwana ana ruwa, da asuba muka tashi ruwa ya shigo ta ƙofar gida har gwiwa. Katangar baya ta faɗi. Katifu, kujeru, firji, buhun gero 6 da dilar atamfa 2 da na ajiye a ɗaki duk suka lalace. Kamfanin ya turo mutum ya duba, bayan makonni suka ce ba su biyan wannan ruwan. Na nuna musu inda aka rubuta ɓarnar ruwa a takardata, suka ce ba irin wannan ruwan ake nufi ba. Malam, wai ruwa kala nawa ne? Cutata aka yi ko jahilcina ne? In biya ta bana ko in rabu da su?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba. Na san cikin fushi ka tambayi kalar ruwa, amma ka taɓo inda maganar take. A wurina da kai ruwa ɗaya ne, duk wanda ya jiƙa katifa ya jiƙa ta. A wurin mai asiransi kala uku ne, kuma wanda suka turo maka ɗin nan, kafin ya ƙidaya kujerunka, abin da ya fara nema shi ne ta ina ruwan ya shigo.

Na farko ruwan cikin gida. Bututu ya fashe a cikin bango, tankin da ke sama ya cika ya zubo, pampon banɗaki ya ɓalle, ko na maƙwabci ya ratso katanga ya zo maka. Wannan shi ne abin da takardarka ta kira dégâts des eaux, wanda aka fassara maka da ɓarnar ruwa. Sunan ya fi abin da ake biya girma. A nan ma yawanci abin da ruwan ya ɓata ake biya, fenti da silin da kayan ɗaki. Shi kansa bututun da ya fashe, kuɗin gyaransa na aljihunka ne.

Na biyu ruwan da ya biyo ta sama. Rufi ya yi yoyo, ko guguwar farkon damana ta yaye tol ruwa ya zuba a ɗaki. Takardu da dama suna ɗaukar yoyon rufi a cikin ɓarnar ruwa, ita kuwa iska sashenta daban, sai an rubuta ta. Inda ake samun gardama a nan shi ne in mai duba ya hau ya tarar da tol ɗin ya shekara biyar da tsatsa, ko indararo ya toshe da leda da kashin tantabara. Sai ya rubuta rashin kula, kamfani ya noƙe.

Na uku shi ne naka: ruwan da ya taru a waje, ya bi titi, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ko ya ture katanga. Sunansa a takarda inondation, wato ambaliya. Wannan ba ya cikin ɓarnar ruwa. Ko dai an sayar maka da shi daban, an ƙara maka kuɗi, an rubuta shi a shafin da sunanka da na gidanka suke, ko kuwa ba ka da shi. Kuma asiransin da banki ke sa mai bashi ya yi, a mafi yawan abin da na gani, gobara ce damuwarta, don bankin jinginarsa yake tsarewa.

Shekara 23 na yi ina sayar da irin wannan takarda, 9 a Yamai, saura nan gida, don haka ba zan wanke mu ba. Akwai wani malamin lakwal da ya taɓa tambayata, lokacin ina da ƙuruciya ina neman cika adadin da aka ɗora mini a wata, ya ce: “Har ruwa ciki?” Na ce masa har ruwa. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Bayan damana biyu ruwa ya ci masa ɗakuna, ya zo ofis da takardarsa a cikin leda, ya zauna a gabana. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, “Ai kai ka ce har ruwa.” Har yau in na gan shi a wurin jana'iza sai in sunkuyar da kai. To ka ga ba zan ce maka jahilcinka ba ne. Takardar faransanci ce mai shafi 20 da wani abu, da ƙananan baƙaƙe, an miƙa maka ita ranar da hankalinka ke kan kuɗin rufi.

Amma akwai dalilin da ya sa kamfanoni ke tsoron ambaliya, kuma ba mugunta ce zalla ba. Sana'ar gaba ɗayanta a kan lissafi guda ta tsaya: mutum 1000 su zuba kaɗan kaɗan, a biya biyu ko uku da tsautsayi ya faɗa wa. Gobara tana bin wannan lissafi, don gidan da ya ƙone a Zango bai hana na Sabon Gari kwana lafiya ba. Ambaliya kuwa unguwa take ɗauka a dare ɗaya. Ka tuna yadda shekarar ta kasance: sama da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasa, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba don mutane na kwana a azuzuwa. Ga kuma wata matsalar: wanda ke kan tudu ba zai sayi asiransin ambaliya ba, na cikin kwari ne kawai zai zo. Asusun da duk masu zubi a cikinsa za su nemi kwasa rana ɗaya, kowace uwar adashi ta san ƙarshensa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka ma asiransin gida na yau da kullum ba ya biyan ambaliya, shi ya sa gwamnatinsu ta kafa shiri na daban tun 1968, kuma wanda ya saya sai ya jira kwana 30 kafin ta fara aiki, don kada mutum ya hango hadari ya ruga ofis. A Faransa dokar 1982 ce ta liƙa bala'in ruwa da makamantansa a jikin asiransin gida, amma ba a biya sai gwamnati ta fitar da sanarwa cewa bala'i ya auku a wannan gari. Kai kuwa a Damagaram, abin da aka rubuta a takardarka shi ne alƙalinka.

To yanzu ga abin da nake so ka yi kafin ka haƙura. Harkar asiransi a Nijar tana ƙarƙashin dokar CIMA, wadda ƙasashe 14 suka yi tarayya a kanta bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Sashe na 8 na dokar ya ce duk sharaɗin da ke fitar da wani abu daga cikin abin da za a biya, ba ya aiki sai an rubuta shi da baƙaƙe masu fitowa fili sosai, yadda ido ba zai tsallake ba. Sashe na 11 kuma ya ce fitarwar ta zama a bayyane, mai iyaka. Ka sami wanda ya iya faransanci, ba yaron da ke lakwal ba, babba mai haƙuri, ku zauna da takardun duka biyu, babbar mai sharuɗɗan kowa da kowa da ƙaramar mai sunanka. Ku nemi kalmar ambaliyar nan. In tana cikin abubuwan da aka fitar, an rubuta ta da baƙi mai kauri, to maganar ta ƙare, sai haƙuri. In kuwa kun ga an jera ta cikin abubuwan da ka saya, ko an ɓoye fitarwar a cikin ƙananan baƙaƙe, kana da abin riƙewa.

Wasiƙarka ba ta ce sun ba ka amsarsu a rubuce ba. Ka nema. Ƙin biya na fatar baki ba abin da za ka kai gaban kowa ba ne. Ka rubuta musu wasiƙa ta gidan waya, irin wadda ake sa hannu a dawo maka da shaidar sun karɓa, ka ce su nuna maka sashen da suka dogara da shi. In ba ku daidaita ba, akwai ofishin da ke sa ido kan kamfanonin asiransi a ma'aikatar kuɗi a Yamai, bayan shi akwai kotu. Kada ka yi sanyin jiki, don sashe na 28 shekara 2 ya ba ka daga ranar da abin ya faru. Turo mai duba da suka yi da irin wasiƙar da na faɗa maka suna sabunta ƙidayar, shi ya sa nake so ka ajiye kowace takarda mai kwanan wata.

Atamfar kuwa, ko da sun yarda da sauran, kada ka sa rai da ita. Dila 2 hajar kasuwa ce, asiransin gida kuma kayan zaman gida take rufewa. Ƴan kasuwarmu sun saba mayar da ɗakin baƙi sito, ba su faɗa wa kamfani.

Batun ko ka biya ta bana: in bashin banki bai ƙare ba, da wuya ka sami zaɓi. In ma ya ƙare, ni ba zan bar gidan siminti mai wayoyin lantarki da tukunyar gas babu asiransin gobara ba. Abin da za ka sake shi ne yadda kake saye. Ka je tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ce a ƙara maka ambaliya, a rubuta, a faɗa maka kuɗinta. Ka tambayi iyakar abin da za su biya a kanta, don sau da yawa ba ta kai darajar gidan ba. Ka tambayi nawa ne kason da kai za ka ɗauka a kowace asara kafin su sa hannu, abin da suke kira franchise. Ka tambaya ko katangar gida na ciki, don wasu takardun ɗakuna kawai suka sani. Kuma ka faɗi darajar gidanka ta gaskiya. Mutanenmu kan rage don kuɗin shekara ya yi sauƙi, ba su san akwai sashe na 35 ba. A ce gidanka na miliyan 20 ne ka ce na miliyan 10, ruwa ya yi maka ɓarnar miliyan 4. Miliyan 2 za a lissafa maka, don rabin gida ka saya wa asiransi, sannan a cire kason naka. Abu na ƙarshe: tun 2011 dokar ta ce ba biya, ba asiransi. Alkawarin “kawo rabi, sauran bayan Sallah” da wakili zai yi maka don kun saba, ranar ɓarna ba zai tsaya maka ba. Ka biya, ka karɓi takardar shaida mai hatimin kamfani.

Yana yiwuwa su zo su ga fegin su ce ba za su sayar maka ba ko nawa za ka biya. In haka ta faru, kada ka ji haushi, ka ɗauka sun ba ka labarin filinka kyauta. Garin nan a kan dutse yake, ƙasar ba ta shan ruwa sosai, abin da ya sauka gangarawa yake yi yana neman tabki. Shekarun fari sun sa an yanka fegi a wuraren da iyayenmu suka sani da kwanciyar ruwa. Ka tambayi dattawan da suka yi noma a wurin kafin a raba shi, za su nuna maka hanyar ruwan da sanda. Kuɗin da za ka ba kamfani sai ka sa a ɗaga dokin ƙofa, a yi wa gindin katanga kafa, ku kuma haɗa kai da maƙwabta ku yashe magudanar kafin ruwan farko.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, ina haya a bene. Kwana uku ba ruwa a pampo, na buɗe na manta ban rufe ba na tafi aikin dare. Ruwan ya zo da tsakar dare, ya cika ɗakina ya zuba wa na ƙasa, ya ɓata musu silin da talabijin. Mai gidan ya ce yana da asiransi amma ni zan biya. Haka ne?

AMSA: Ƴata, wannan ambaliyar Damagaram ce ta asali, wadda ba ta jiran damana. Duk wanda ya zauna garin nan ya san buɗe pampo a kasa kunne ana jiran ya yi tari. Ni kaina na taɓa tashi na taka ruwa a tsakar ɗaki, uwargida tana cewa ni ne, ina cewa ita ce.

Irin wannan ruwan shi ne ainihin wanda sashen ɓarnar ruwa ke nufi, kuma mantuwa ba ganganci ba ce. Doka ta ce kamfani na biyan asarar da kuskuren mai asiransi ya jawo, abin da ba ya biya shi ne wanda aka yi da niyya, sai fa in takardar ta fitar da wani abu a fili. Matsalarki ita ce takardar ba taki ba ce. Ta mai gida ginin take tsarewa, tana iya gyara silin, amma talabijin na maƙwabta ba nasa ba ne, kayan ɗakinki ma haka. Kuma ko kamfanin ya biya shi, yana da damar ya juyo kanki ya nemi abin da ya kashe, tunda daga ɗakinki ruwan ya fito. Don haka maganar mai gidan ba ta rasa tushe ba. Ki ce masa ya sanar da kamfaninsa yanzu, don wa'adin sanarwa gajere ne, doka ta hana ya gaza kwana 5 na aiki, kuma yawancin takardu a nan suke tsayawa. Ki ɗauki hoton komai da wayarki kafin a share. Maƙwabtan kuwa ki sauka da kanki ki ba su haƙuri, ku kai talabijin ɗin wurin mai gyara kafin a fara maganar sabo. Nan gaba akwai asiransin ɗan haya, mai rufe kayanki da kuma abin da kika ɓata wa wani, ba ta kai ta mai gida tsada ba.

TAMBAYA: Malam, gidanmu na gado ne a Birni, ginin ƙasa, tun kakanmu. Bayan abin da ya sami masallaci hankalina bai kwanta ba. Za su karɓi gidan ƙasa?

AMSA: Hankalin kowa bai kwanta ba, Hajiya. Babban masallacin Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya ga zuwan Faransawa ya ga tafiyarsu, ya zube a farkon Satumban 2024 muna kallo. A shekarun da na yi a ofis ban taɓa rubuta wa gidan ƙasa asiransin ruwa ba. Kamfani yana son abin da zai iya yi wa kuɗi, ya ce bulo kaza, siminti buhu kaza. Soron da aka yi da tubali da azara, magini ya zana masa ado a fuska, ba su da ma'auninsa. Kuma gidan ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya ko da a rana ɗaya ya faɗi: danshi ne ke cin gindinsa shekara da shekaru, malka ta zo ta ƙarasa. Duk abin da ya lalace a hankali, asiransi ba ta biyansa ko a gidan siminti.

Kuɗin ki ba magini. A sake yaɓe kafin ruwa, a duba rufin soro a toshe tsaga, a gyara indararo ya riƙa zubarwa nesa da bango, kada a bar ruwa ya kwanta a gindin gini. Ki kula da masu ba da shawarar a shafe bangon ƙasa da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yana rufe danshi a ciki, sai ki ga bango lafiya lau daga waje alhali cikinsa ya zama kunu. Takardun gidan da na gado kuma ki sa su a leda, a ajiye a sama, ki ɗauki hotonsu. In abin da ba a so ya faru, ki tabbata sunan gidanku ya shiga ƙidayar da mai unguwa da ma'aikatan magajin gari ke yi. Abin da ke biyo bayanta agaji ne, hatsi da tabarma da bargo, ba kuɗin sake gini ba.

TAMBAYA: Malam, duk wannan bayani naka, shin asiransin ma ta halatta?

AMSA: Ni ba malamin fiƙihu ba ne, sunan Malam ɗin ma na furfura ne. Abin da na sani shi ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce asiransin kasuwanci da aka saba bai halatta ba saboda gararin da ke cikinsa, wato rashin tabbas, ta kuma halatta na taimakon juna, wanda ake kira takaful. A cikinsa abin da kowa ya zuba gudummawa ce ga asusun jama'a, kamfani wakili ne mai kula, kuɗin kuma ba a juya su da riba. Sudan ce ta fara kafa irin wannan kamfani a 1979, CIMA kuma ta fitar masa da ƙa'idoji a 2019. Ka kai wa malaminka takardar da kanta ya gani, kada ka ba shi labari da baki. In kuma ka sami takaful ɗin, tambayar da na ce Alhajin Kasuwar Dole ya yi kai ma sai ka yi ta, don a can ma ambaliya sai an rubuta ta.